Wai ƙwayar lantarki kunya take ji idan an kalle ta?

Akwai wani bidiyo da yake ta yawo a wayoyin samarinmu, nasan da yawanku kun ci karo da shi a TikTok ko an turo muku a WhatsApp, irin na katun ɗin nan ne wani ya ɗora masa muryar Hausa. Ana nuna wasu ƴan ƙwallaye suna wucewa ta tsaga biyu suna zana ratsi-ratsi a bango, sai a kawo wani ƙaton ido a dasa a gefe, kan kace kwabo ratsin sun ɓace saura layi biyu. Mai muryar yana ta rantse-rantse wai Turawa da kansu sun tabbatar ƙwayar ilektiron, wato ƙwayar lantarki, tana sanin ana kallonta. A garinmu nan ƙasar Ringim ta wajen hanyar Taura maganar har teburin mai shayi taje, wani yace ai ga hujjar kambun baka nan kimiyya ta kawo, wani kuma cikin yaran da suka ɗan zauna a Kano yace a'a abun nufi shine tunanin mutum ne yake juya duniya, in ka ƙudurta abu a ranka sosai dole yazo maka. Nace to ƙanina ƙudurto mana buhun taki mu gani.

Da yake fiziks nake koyarwa a sakandare duk wanda ya kalla sai ya tare ni, Malam wai da gaske ne? To gwajin dai gaskiya ne, an yi shi an maimaita a ƙasashe daban-daban, kuma ɓacewar ratsin ma gaskiya ce. Ƙaton idon nan shine ƙanzon kurege. Abun da yake kashe ratsin shine a bar wata alama a duniya wadda zata iya nuna ta wace tsaga ƙwayar tabi, an duba alamar ko ba a duba ba, da mutum a ɗakin ko babu kowa.

Bara mu fara daga kududdufi tunda damina ce ya cika. Kaje da sassafe kafin shanu su shiga su dama shi, ka riƙe tsakuwa ɗaya a kowane hannu ka buɗe hannayen ka sake su lokaci ɗaya. Kowace zata tada igiya zagaye-zagaye tana faɗaɗa, to inda igiyoyin suka shiga juna nan zaka zuba ido. Igiya tana da tudu tana da kwari. Inda tudun wannan ya hau tudun waccan ruwan zai tashi ninki, inda kuwa tudu ya faɗa kwari sai su cinye juna gurin ya kwanta luf kamar ba abun da ya taɓa shi. Motsi da motsi sun haɗu sun bada shiru kenan. Ita kuwa tsakuwar kanta bata da wannan halin, in ka huda zana guri biyu kayi ta jifa ta cikin hudojin abun da zai taru a baya shine na wannan huda a tara da na waccan, tsakuwa bata cinye tsakuwa. Duk rigimar gwajin tsaga biyu akan wannan bambancin take, igiya tana iya soke ƴar uwarta, ƙwaya bata iyawa.

Wanda ya fara gwada haske ta wannan hanyar wani likita ne ɗan Ingila Thomas Young. A 1803 ya bayyana wa masana a Landan yadda ya huda ɗan ƙaramin rami a murfin taga hasken rana ya shigo siriri, ya saka siririn kati a tsakiyar hasken ya raba shi biyu, sai ga ratsi a bango, haske duhu haske duhu. Da ya tare hasken gefe ɗaya ratsin suka ɓace. Ya sha suka kuwa, don a lokacin mutanen Ingila maganar Newton suke bi cewa haske ƙwayoyi ne ƙanana, kuma ba a ja da Newton a garinsu ko da yake ya rasu tun 1727. A hankali dai aka sallama cewa haske igiya ne, aka zauna a haka kusan shekara ɗari, sai a 1905 Einstein yazo ya nuna cewa in haske zai bada ƙarfinsa ga ƙarfe a dunƙule-dunƙule yake bayarwa, su ake kira foton yanzu. Sai kuma 1924 wani Bafaranshe Louis de Broglie ya juya maganar yace in dai igiya tana halin ƙwaya to ita ma ƙwaya tana halin igiya, har ilektiron, wato ƙwayar nan da take gudu cikin waya in an kawo wuta. A 1927 Davisson da Germer a Amurka suka harba ilektiron kan ƙarfen nikel suka ga hakan da idonsu. Abun dariya ma J. J. Thomson wanda ya gano ilektiron a matsayin ƙwaya a 1897 ya karɓi kyautar Nobel a 1906, ɗansa na cikinsa George ya karɓa a 1937 saboda ya nuna tana halin igiya, uba da ɗa kuma ba wanda yayi ƙarya.

Tsaga ta zahiri da ilektiron sai 1961 Claus Jönsson yayi a Tübingen ta Jamus. Amma mai gardama zai iya cewa ai da yawa aka sako su, suna gogar juna ne shi yasa suka jeru haka. Shine a 1974 wasu mutum uku a Bologna ta Italiya, Merli da Missiroli da Pozzi, suka rinƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya, a 1989 kuma Akira Tonomura da mutanensa a kamfanin Hitachi na Japan suka sake yi har da hoto mai motsi, su waɗannan da siririyar waya mai caji suka raba hanyar biyu maimakon tsaga amma lissafin ɗaya ne. Kowace ilektiron ta riga ta sauka kafin ta bayanta ta taso, ba wadda ta haɗu da wata a hanya. Kuma kowace in ta sauka ɗigo ɗaya take yi a allo, guri ɗaya tak, ba a taɓa kama rabin ilektiron ba. Goman farko zaka ga ɗigo nan ɗigo can ba kan gado, ɗaruruwa ma haka, sai sun kai dubbai sannan ratsin su fara fitowa da kansu tsaf irin na igiya.

Inda abun yake ɗaure min kai har gobe ba ratsin haske bane, ratsin duhu ne. Ka ɗauki wani guri a allon inda ilektiron suke sauka lafiya lau in tsaga ɗaya ce a buɗe. Ka buɗe ta biyu, wato ka ƙara musu hanya, sai su daina sauka a gurin kwata-kwata. An ƙara ƙofa kuma masu isowa sun ragu, kuma fa ɗaya-ɗaya suke tafiya. A 2013 a jami'ar Nebraska ta Amurka an yi wannan daidai yadda ake faɗa a aji, tsaga biyu kowace faɗinta nanomita 62, silin gashin kai ya fi ta faɗi kamar sau dubu, da wani ɗan marfi da ake turawa a rufe wannan ko a rufe waccan ko a buɗe duka. A rufe ɗaya ratsin tsaga biyu su tafi, a buɗe su dawo. Lissafin kwantam, wato kimiyyar irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi, yana cewa kowace hanya tana da igiyarta, sai an haɗa igiyoyin biyu tukunna sannan a fitar da yiwuwar sauka a kowane guri, inda suka cinye juna yiwuwar ta zama sifiri.

To duk mai hankali abun da zai ce shine a saka mai gadi a bakin tsagar mana a ga ta ina take bi. Ba a nan gizo yake saƙar ba sai a wajen yaya za a gan ta. Ido baya fitar da komai ya je ya taɓo abu, karɓa kawai yake, wannan tun kusan shekara dubu da suka wuce Ibnul Haisam mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira ya kafa hujja akai, gani shine haske ya taso daga abu ya shigo ido. Kenan kafin ka ga ilektiron dole wani abu ya taɓa ta ya dawo da labari, mafi ƙaranci foton ɗaya. Masanin fiziks Richard Feynman ya warware wannan dalla-dalla a darussansa na farkon shekarun 1960. Ka saka fitila a bayan tsagogin, duk ilektiron da ta wuce zata watsa ɗan haske ka gane ta dama tabi ko ta hagu, kuma kullum ɗaya zaka gani, ba zaka taɓa ganin ƙyalli biyu lokaci ɗaya ba. Ka samu amsarka amma in ka waiwaya allo ratsin babu su. Sai kace to bara in rage fitilar don kar ta dame su, amma rage fitila baya rage ƙarfin kowane foton, yawansu yake ragewa, sai wasu ilektiron su sulale ba wanda ya taɓa su. Waɗanda aka taɓa basu da ratsi, waɗanda suka sulale suna da ratsi, allo ya nuna gauraye dishi-dishi. Sai kace to a canza haske a kawo mai doguwar igiya wanda bugunsa bashi da ƙarfi, eh ratsin zasu dawo amma daidai lokacin da igiyar hasken tayi tsawon da ƙyallin ya baje ya rufe tsagogin biyu har ba zaka iya cewa dama ce ko hagu ba. Ta ko'ina ka ɓullo sai ka tarar an riga ka.

Wannan a baki Feynman ya faɗa amma a 1995 ƙungiyar David Pritchard a jami'ar MIT ta Amurka sun yi shi da hannu, da atam, wato ƴar ƙwayar da kowane abu yake ginuwa da ita, na sodiyam irin wanda yake cikin gishirin miya. Suka raba tafiyar atam hanya biyu suka sa kowane ya watsa foton ɗaya, suna matsar da gurin da ake haska shi. In an haska a inda hanyoyin biyu suke dab da juna sosai fiye da tsawon igiyar hasken, ratsin suna nan, don foton ɗin da ya tafi ba zai iya faɗin komai ba. In an matsa inda hanyoyin suka buɗe sai ratsin su dusashe. Kuma a wannan matakin ba wanda ya tare foton ɗin ya karanta shi, ya tafi abunsa ya daki bangon na'ura, duk da haka ratsin sun dusashe.

Af, wata ƙaryar katun ɗin kuma itace layi biyun nan masu kyau da yake nunawa bayan an kawo ido. A gwajin da ake iya ganin ratsi, kowace tsaga ita kaɗai baza ƙwayoyin take da faɗi, na dama da na hagu su hau kan juna, don haka abun da ake samu in ratsin sun tafi dunƙule ɗaya ne mai faɗi, yafi kauri a tsakiya yana raguwa ta gefe. Layi biyun mai zane ne ya ga sun fi kyau a ido.

Yanzu wasu zasu ce shikenan an gane, bugu ne, foton ya bangaji ilektiron ta kauce hanya. A haka ma aka daɗe ana koyarwa kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun taron masana fiziks na Solvay na 1927 a Brussels inda Einstein ya kawo dabarar a bar allon tsagar yana motsi, in ƙwaya ta wuce ta ɗan ture shi sai a auna turin a gane hanyarta ba tare da an taɓa ta ba, Niels Bohr ya amsa masa da ƙa'idar Heisenberg cewa in ka auna motsin allon da kyau har haka to ka rasa sanin ainihin inda allon yake, wannan rashin sanin kaɗai ya isa ya shafe ratsin. Amma bugu ba shine tushen maganar ba. A 1998 a Konstanz ta Jamus, Dürr da Nonn da Rempe suka yi da atam na rubidiyam, maimakon su bangaje shi sai suka yi amfani da igiyar maikirowef suka sa masa alama a cikin cikinsa, wanda yabi wannan hanya yanayin cikinsa kaza wanda yabi waccan kaza. Turin da maikirowef ɗin yake yi ya yi ƙanƙanta nesa ba kusa ba da ace shi ya karkatar da atam ɗin. Ratsin suka ɓace, kuma ko ba a karanta alamar ba ɓacewa suke. Kasancewar alamar kawai. A lissafi abun da ya faru shine igiyar hanyar dama ta ɗaure da wani yanayi, igiyar hanyar hagu ta ɗaure da wani yanayin daban, kuma igiyoyi biyu basa cinye juna sai in ƙarshen labarinsu iri ɗaya ne sak ta kowace fuska, ba abun da ya rage a duniya da zai bambanta su.

Gwajin da nafi so in bawa masu maganar ido shine na Biyana ta ƙasar Ostiriya, gurin Anton Zeilinger da Markus Arndt. A 1999 suka nuna ratsi da wani dunƙule mai atam 60 na kabon, kabon irin na gawayi, wanda siffarsa ta ƙwallon ƙafa ce, su ta tsagogi masu yawa a jere suke turawa. A 2003 suka rinƙa sako iska kaɗan-kaɗan cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, iya yawan iskar iya dusashewar ratsin, don duk ƙwayar iskar da ta gogi dunƙulen ta tafi da labarin inda yake. A 2004 kuma suka ɗauki mai atam 70 suka gasa shi da leza, zafin har yakan doshi digiri 3000. Abu in yayi zafi haske yake fitarwa, kowa ya ga ƙarfe a maƙera. In dunƙulen bai yi zafi sosai ba ratsin suna nan, in ya ɗau zafi ya fara zubar da foton a hanya sai ratsin su tafi a hankali har su ƙare. Ba kyamara a bakin tsaga, ba ido, ba wanda ya ƙudurta komai a ransa, dunƙulen da kansa ya tona asirin hanyarsa. Su dai mutanen Biyana basu tsaya ba, a 2019 sun nuna ratsi da dunƙule mai atam har kusan 2000.

Kuma abun ba kunnawa da kashewa bane irin makunnin fitila, ciniki ne. In alamar bata da tabbas sosai ratsin ma basa mutuwa duka. Wootters da Zurek sun lissafa wannan a 1979, Englert ya fitar da ƙa'idar a taƙaice a 1996. Ka auna ingancin sanin hanya daga 0 zuwa 1, ka auna fitowar ratsi daga 0 zuwa 1, ka ninka kowace lamba da kanta ka tara, ba zasu taɓa wuce 1 ba. Misali in sanin hanya 0.6 ne to ratsin ba zasu wuce 0.8 ba, don 0.36 da 0.64 sun cika 1. Ɗalibi na aji biyar zai iya wannan da kalkuletar waya. In da hankalin mutum ne yake aikin sai a faɗa mana wane irin kallo ne 0.6.

Akwai kashi na biyu na irin bidiyon nan da yake cewa wai ana iya canza abun da ya riga ya wuce. Tushensa shawarar Scully da Drühl ce ta 1982, wai in alama ce take kashe ratsi to in an goge alamar fa? An gwada, akwai na Kim da abokansa da aka buga a 2000, akwai na Walborn da abokansa a Brazil a 2002. Ana samar da foton tagwaye masu ɗaure da juna, mu kira su Hasan da Husaini. Hasan ya tafi tsaga biyu inda aka saka wasu ƴan gilasai da suke murɗa haske, na dama murɗi daban na hagu daban, Husaini ya tafi wata na'urar can gefe. Da an saka gilasan ratsin Hasan sun tafi don ana iya haɗa murɗinsa da awon Husaini a gano hanya. Sai a auna Husaini ta wata fuska wadda take lalata wannan bayanin har abada, ko da kuwa bayan Hasan ya riga ya sauka ne. Nan ne mai bidiyo zai ce sai ratsi suka dawo ya saka kiɗa mai ban tsoro. Abun da baya faɗa shine allon bai canza ba ko kaɗan, dunƙulen nan ne dai mai faɗi. Sai an ɗauko rijistar awon Husaini an ware ɗigon Hasan kashi biyu bisa sakamakon ɗan'uwansa, kashi na farko ya bada ratsi, kashi na biyu ma ya bada ratsi amma a goce, haskensa yana inda duhun na farko yake, in ka haɗa su sai su cike juna. Wanda yake zaune gaban allo ba zai taɓa sanin me aka yi wa Husaini ba sai an kawo masa rijistar. Ba a canza jiya ba kuma ba a aika saƙo baya ba, tantance ɗigo aka yi.

Daga nan amsar tambayar da yara suke min ta fito, Malam to me yasa akuya bata bin ƙofa biyu lokaci ɗaya irin na igiya. Na farko igiyar de Broglie tana ƙanƙancewa ne iya nauyin abu da gudunsa, ta akuya ba na'urar da zata iya auna ta. Na biyu akuya bata taɓa zama ba alama, santimita ɗaya ta kowace fuska na iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ƙwayoyi kusan 25 da sifiri 18 a bayanta, suna dukanta ba dare ba rana, ga hasken rana ga ɗumin jikinta da yake fita. Masu ƙera kwamfutar kwantam wannan shine babban ciwon kansu, shi yasa irin ta Google da IBM ake sanyaya su har kusan digiri 273 ƙasa da sifiri a killace su, kar wani abu ya taɓa ya tafi da labari lissafin ya rushe. Wasu kuma suka mayar da matsalar sana'a, tun 1984 Bennett da Brassard suka tsara hanyar aika makullin sirri da foton ɗaya-ɗaya yadda duk wanda ya saci ji a hanya dole ya bar ɓarna a gane shi.

Wani kawuna da ko boko bai yi ba shine ya min tambayar da tafi ta kowa, muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar ina ta wannan bayanin yace to ɗana, tsakanin fitowarta da saukarta ita ƙwayar tana ina? Nace Kawu Allah ya ƙara girma, nan ne su kansu masu abun suka rabu. Bohr da mutanensa suka ce tambayar hanya bata da amsa sai in ka shirya gwajin da zai auna hanya. David Bohm a 1952 yace ƙwayar tsaga ɗaya take bi amma akwai igiya da take bin duka biyun tana jan ragamarta. Hugh Everett a 1957 yace duk sakamakon suna faruwa, duniya ce take rassa. Dukkansu ratsi iri ɗaya suke hasashe a wannan gwajin shi yasa allon bai raba gardamar ba. Kuma don adalci, akwai babban masani Eugene Wigner da ya taɓa cewa hankalin mutum yana da hannu a ciki, daga baya shi da kansa ya bar ra'ayin. Ni a aji nafi karkata ga in tsaya inda awo ya tsaya, na Everett kam har yanzu ya min tsada da yawa. Kawu yace wato su ma malaman naku saɓani suke, nace sosai ma. Maganar kambun baka kuwa tana da malamanta da inda ake ɗauko hujjarta, ba a ɗakin gwajin Biyana ba, kuma ni ina ganin rage wa addini daraja ne a rinƙa jingina shi da katun ɗin da ko kimiyyar bai faɗa daidai ba.

Wanda yake so ya gwada da hannunsa abun bashi da tsada. Ka samu ƴar lezar nan ja ta jikin makulli da yara suke wasa da ita, ana samu gurin masu kayan koli ranar kasuwa, da ɓallin gilashi da reza sabuwa guda biyu. Ka kanga gilashin saman kyandir ko aci-balbal har yayi baƙi ƙirin da hayaƙi, ka haɗa rezojin biyu ka matse su ka ja layi ɗaya a hankali akan baƙin, zasu bar tsaga biyu dab da juna. Da daddare, tunda duhu dai bama rasa shi, ka kafa lezar akan bulo ka haska tsagogin zuwa bango mai nisan kamar mita 3. Tsawon igiyar jar leza wajen nanomita 650 ne, in tazarar tsagogin ta kai kashi 1 cikin 10 na milimita ratsin zasu fito da tazarar kusan santimita 2 tsakaninsu, ja duhu ja duhu. Sai ka kira duk ƴan majalisa su zo su ƙura wa tsagogin ido, har mai maganar kambun baka a bashi gaba, ratsin ko gezau. Dalili kuwa foton ɗin da ya watsu daga gilashin ya shiga idonka ba shine ya isa bango ba, wanda ya isa bango kuma ba abun da ya taɓa shi a hanya. Wannan na gida halin igiya kawai yake nunawa irin na Young, na ƙwaya ɗaya-ɗaya da saka alama sai ɗakin gwaji mai kayan aiki. Kar a haska lezar a idon kowa ko da wasa, a kula da yara da reza, in kuma ratsin sun ƙi fitowa yawanci tsagar ce tayi faɗi ko hannu ya karkace, sai a sake shafa hayaƙi a ja wani layin.